Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Shawara Ga Mai Sayen Tsohuwar Laftof

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu daraja, akwai wata magana da na ke so mu tattauna a wannan fili, domin ta shafi aljihunmu, ta kuma shafi karatunmu. Maganar kuwa ita ce ta sayen kwamfutar cinya, wadda kowa ya fi sani da laftof. A zamanin nan wanda ya ke koyon aikin malanta ba shi da makawa sai ya san kanta. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kan kwamfuta. Jarrabawar da hukumar rajistar malamai, watau TRCN, ta ke yi wa masu neman izinin koyarwa, ita ma a gaban kwamfuta a ke zama. Ga rubutun furojet na shekarar ƙarshe, ga shirin darasi lokacin koyarwar gwaji, ga lissafin makin yara in mutum ya kama aiki. To, sabuwa fil a kwali ta fi ƙarfin yawancinmu. Saboda haka gwanjo mu ke nufa, watau irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi shekaru suna aiki da su suka sallama, aka lodo su a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga kasuwar Ikeja su watsu zuwa Abuja da Kano da nan Minna.

Ni ban ga aibin gwanjo ba, ai da tsohuwar zuma a ke magani. Abin da ya dame ni shi ne yadda mu ke zaɓe. Yaro zai karɓo kuɗin da ubansa ya sayar da buhunan masara ko doyar shekara ya ba shi, ko kuwa yarinya ta karɓo abin da uwarta ta kwasa a adashi, su shiga shago, ba abin da za su tambaya sai, "Maigida, i5 ce ko i7?" In aka ce musu i7 ce, shi ke nan, sai a zaro kuɗi ana murmushi. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne. Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja a nan, shi ne wannan suna da ke manne a gindin madannai shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata mai saye ya duba. Abu uku sun fi shi nauyi: shekarar da aka ƙera ƙwaƙwalwar, da yawan wutar da ta ke ci, da kuma irin kayan da aka haɗa ta da su.

Bari mu fara daga tushe, don wanda bai sani ba ya sani. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan falle, girmansa kamar kan sarkin da a ke manna wa wasiƙa, shi ne ke yin dukan lissafi. 'Yan kasuwa su kan ce da shi furosesa, mu kuwa sai mu ce ƙwaƙwalwa. Saurin bugawarta ana rubuta shi da haruffan GHz, kuma 1 GHz daidai ya ke da bugu miliyan dubu cikin daƙiƙa guda. Da can kowace ƙwaƙwalwa ƙwaya ɗaya gare ta, watau ma'aikaci ɗaya, kuma dabarar maƙeranta ita ce su yi ta ƙara masa sauri. Haka aka yi ta yi har Pentium 4 ta kamfanin Intel ta kai 3.8 GHz, zafi ya yi mata yawa, wutar da ta ke sha ta wuce kima. A 2004 kamfanin ya janye niyyarsa ta fitar da mai 4 GHz. Daga nan sai suka gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka koma sa ƙwaya biyu cikin ɓawo ɗaya, kamar dai gyaɗa. A watan Janairu na 2006 Intel ya fitar da Core Duo don laftof, kamfanin AMD ya biyo baya da Turion 64 X2 a watan Mayu, kafin shekarar ta ƙare kuma Core 2 Duo ta bayyana. Daga wannan lokaci har zuwa 2017 galibin laftof ɗin ofis masu ƙwaya biyu ne. Su ne kuwa suka cika shagunanmu, don haka su za mu gwada da juna.

Mu soma da babbar yayarsu, Core 2 Duo, wadda ta yi tashe daga 2006 zuwa 2009. Har yanzu a kan ci karo da ita, kuma ita ce mafi araha. A zamaninta ta yi abin a yaba, amma fa zamaninta ya wuce. Da yawa daga cikin masu ɗauke da ita ba su karɓar ram fiye da 4 GB, ram kuwa shi ne teburin da ƙwaƙwalwa ke baza aikinta a kai. Irin ram ɗin da tsofaffin cikinsu ke so ma, watau DDR2, samunsa sai an tona. In bugun wasiƙa kaɗai za ka yi, za ta yi maka. Amma ranar da ka buɗe shafin intanet biyar kana neman abin da za ka sa a babi na biyu na furojet, sai ka ga ta tsaya cak kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa. Araha ba ta ado. Ko kyauta aka ba ka, karɓi ka koyi bugu da ita, amma kada ka sa kuɗinka.

Daga farkon 2010 ne waɗannan sunaye uku, i3 da i5 da i7, suka bazu a laftof, kuma a nan ruɗanin ya samo asali, domin kamfanin ya yi ta maimaita sunayen nan shekara da shekaru alhali abin da ke ciki yana sakewa. Kowane sabon fitowa sai mu kira shi zubi. Hanyar gane zubi ba wuya. Cikakken sunan ƙwaƙwalwa yana da lamba a bayansa. In lambar mai alƙalami uku ce, kamar i5-520M, to zubin farko ne, na 2010. In mai alƙalami huɗu ce, daga zubi na biyu zuwa na tara, alƙalamin farko shi ne zubin. Watau i5-2520M zubi na biyu ce, ta 2011. I5-3320M na uku, ta 2012. I5-4300U na huɗu, ta 2013. I5-5300U na biyar, ta farkon 2015. I5-6300U na shida, ta ƙarshen 2015. I5-7200U kuwa na bakwai, ta 2016. Dukansu i5 a ke kiransu, amma tsakanin ta fari da ta ƙarshe akwai shekara shida. Wanda ya ce maka "i5 ce" ya yi shiru, kamar wanda ka tambaya ɗan wane gida ne wannan, ya ce maka sunansa Musa. Musa nawa ke garin nan?

Tun da mu malamai ne, bari in kawo misalin da ya fi kusa da mu. Zubi kamar aji ne, i3 da i5 da i7 kuwa kamar matsayin yaro ne a cikin ajinsu. I7 shi ne wanda ya zo na ɗaya. To, wa zai ce wanda ya zo na ɗaya a aji biyu ya fi wanda ya zo na biyar a aji shida sanin lissafi? Ɗauki i7-2620M ta 2011 ka ajiye gefen i5-7300U ta zubi na bakwai. Ta farko iyakar gudunta 3.4 GHz, ta biyu 3.5 GHz. Ban da haka ta biyun tana gama aiki fiye da ta farkon a kowane bugu guda, saboda an gyara tsarin cikinta sau da yawa a tsakanin shekarun nan. Ta farko an auna zafinta a wat 35, ta biyu wat 15. Watau ƙaramar a suna ta fi babbar sauri, kuma ba ta ci rabin abincinta ba. Amma sai ka ga ɗalibi ya tsallake ta ya rungumi tsohuwar, don kawai yana so in abokai sun leƙa su ga alƙalami bakwai.

Akwai kuma wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Suna zaton duk i7 ƙwaya huɗu gare ta. Ba haka ba ne. Daga zubi na biyu zuwa na bakwai, i7 ta laftof da sunanta ya ƙare da harafin U, ko da M shi kaɗai, ƙwaya biyu gare ta, daidai da ƙanwarta i5. Masu ƙwaya huɗu galibinsu su ne waɗanda ke da harafin Q a cikin haruffan ƙarshen sunansu, kamar QM ko MQ ko HQ. Saboda haka a aji ɗaya ma ratar da ke tsakanin i5 da i7 ba ta taka kara ta karya ba. Dubi zubi na biyu: i5-2520M tana kai 3.2 GHz, i7-2620M tana kai 3.4 GHz. Dubi na shida: i5-6300U tana kai 3.0 GHz, i7-6600U tana kai 3.4 GHz, watau bambancin kimanin kashi 13 cikin ɗari, sai 'yar ma'ajiyar cikinta da ta ke 4 MB maimakon 3 MB. Mai buga shirin darasi ba zai taɓa jin wannan bambanci a hannunsa ba, sai dai ya ji shi a aljihunsa. I3 kuwa, har zuwa zubi na bakwai, abin da aka rage mata shi ne ba ta iya ƙara gudu in aiki ya yi nauyi, tafiya ɗaya ta ke yi. Duk da haka i3 ta zubi na shida ko na bakwai tana yi wa malami aikinsa lafiya lau.

Kada kuma yawan GHz shi kaɗai ya ruɗe ka, domin ba a gwada shi sai tsakanin 'yan gida ɗaya kuma 'yan zubi ɗaya. Kamfanin AMD yana da wata mai ƙwaya biyu, A9-9420, wadda ke kai 3.6 GHz. A takarda sai ka ce ta fi duk waɗanda na lissafa. A wurin aiki kuwa i3-7100U, mai 2.4 GHz kacal, tana wuce ta. Yawan taku ba shi ne nisan tafiya ba, sai an dubi faɗin takun.

Yanzu mu zo kan abu na biyu, watau cin wuta, wanda a ganina ya fi komi muhimmanci ga mu mutanen Minna. Jiharmu ce ke da madatsar Kainji tun 1968, ga ta Shiroro nan kusa da mu tun 1990, ga Jebba a kan iyakarmu, ga Zungeru ta biyo baya. Amma duk wanda ya zauna a Bosso ko Tunga ko Chanchaga ko Maitumbi ya san wuta baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi. Saboda haka laftof ɗin da ba ta riƙe caji, kwamfutar tebur ce kawai da aka yi wa hannu. A nan harafin ƙarshen nan ke da amfani. Masu harafin M na zubi na ɗaya zuwa na uku wat 35 a ke ƙiyasta musu, na zubi na huɗu wat 37. Masu harafin U daga zubi na huɗu zuwa na bakwai galibinsu wat 15. Wannan lamba tana nuna yawan zafin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa in ta duƙufa kan aiki, zafi kuwa wuta ce da batir ya biya. Ɗaya daga cikin dalilan raguwar shi ne 'yan ƙofofin lantarkin da ke cikinta sun yi ta ƙanƙancewa: ma'aunin nanomita 32 a 2011, ya koma 22 a 2012, ya koma 14 a 2015. Ko caja ma ta shaida. Tsohuwar ThinkPad T420 cajar wat 65 ko 90 ta ke so, HP EliteBook 840 G3 kuwa ta wat 45 ta ishe ta. Wanda ke caji da ɗan faifan hasken rana, ko yana biyan kuɗi a wurin mai janareto, ya san abin da wannan ke nufi.

Ga kuma yanayin garinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Minna ya kan kusanci digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta cika ko'ina. Ƙwaƙwalwa in ta yi zafi da yawa ita da kanta ta ke rage gudu don kada ta ƙone. Mai wat 35 da ƙura ta toshe wa fanka, a ɗakin kwanan ɗalibai da tsakar rana, gudun da aka rubuta mata a takarda ya zama labari. Akwai wani ƙarin alheri ga zubi na bakwai: an gina mata sashen da ke warware irin bidiyon da YouTube ya kan aiko, don haka mai kallon darasi ba ya gajiyar da ita, batirinsa kuma ya fi daɗewa.

Amma gaskiya ɗaya ce, sai in ba masu harafin M haƙƙinsu. Irin su ThinkPad T430, da HP EliteBook 8470p, da Dell Latitude E6430, dukansu na 2012, an gina su da ƙwari, suna jure faɗuwa da jijjigar mota. Batirinsu da hannu a ke zare shi ba sai an kwance ba, ram da faifan ajiya kuwa kusoshi kaɗan ke tsakaninka da su, kowane mai gyara ya san cikinsu. A wajen gudu ma i5-3320M da i5-4300U kusan kunnen doki su ke yi, in aiki ya yi tsawo ma tsohuwar ta kan ɗan sha gaba. Saboda haka wanda ya ke da wuta tsayayya a inda ya ke, kuma ba yawo zai yi da ita ba, ba zan hana shi ba. Amma ɗalibin da za a tura koyarwar gwaji wani ƙauye a Mariga ko Lapai, wanda sai ranar kasuwa zai sami caji, mai harafin U ta fi dacewa da shi.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata in ambata, musamman ga 'yan'uwanmu mata da maza masu son abu mai sheƙi. Za ka ga laftof siririya, mara nauyi, ba ko ƙwarzane a jikinta, kuɗinta kuma daidai da na tsohuwar i5. In ka duba sai ka tarar Celeron ce mai harafin N a gaban lambarta, kamar N3060 ko N4000. Ita ma ƙwaya biyu gare ta, kuma wat 6 kaɗai ta ke ci, don haka batirinta na daɗewa ƙwarai. Amma ƙwayoyin nata ƙanana ne, ba ajin na Core ba ne. Mafi muni, da yawa a kan like musu ram na 2 GB ko 4 GB a jikin allon ciki yadda ba a iya ƙarawa, ma'ajiyarsu kuma 32 GB ko 64 GB, wadda Windows shi kaɗai zai cinye mafi yawanta. Kyan ɗan maciji ke nan. Tsohuwar i5 ta zubi na uku da aka kula da ita ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wannan ya kawo mu ga abu na uku, kayan da aka haɗa ƙwaƙwalwa da su. Ku ɗauka ƙwaƙwalwa malami ce, ram teburinsa ne, faifan ajiya kuma shi ne sito inda littattafai su ke. Komi ƙwazon malami, in teburinsa bai ɗauki littafi biyu ba, kuma yaron da ke ɗebo masa littattafai daga sito gurgu ne, yawancin lokacinsa a jira zai ƙare. Tsohon faifai mai juyawa, irin na laftof, yana kewayawa sau 5,400 a minti guda, abin da ya ke iya miƙowa kuwa bai cika wuce 100 MB a daƙiƙa ba. Sabuwar ma'ajiya wadda ba ta da abin juyawa, watau SSD, tana miƙo wajen 500 MB a daƙiƙa, a wajen neman ƙananan fayiloli kuwa ratar ta fi haka ƙwarai. Ba ta kuma tsoron jijjiga irin ta bayan acaba. Don haka na ke cewa, kuma ina tsaye a kan maganata, i5 ta zubi na uku mai SSD da ram 8 GB ta fi i7 ta zubi na shida mai tsohon faifai da ram 4 GB daɗin aiki. Ƙarin kuɗin da za ka ba da don alƙalami bakwai, in ka kai shi ga SSD da ram, a ranar za ka ga amfaninsa.

Saura magana ɗaya mai nauyi, wadda ba zai kyautu in ɓoye ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai dai ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Daina kula ba ya nufin laftof za ta mutu. Abin da ya ke nufi shi ne in aka gano wata kafa da ɓarayin intanet ke shiga, ba mai zuwa ya toshe. Windows 11 kuwa, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021, a ƙa'idar kamfanin daga zubi na takwas ya ke farawa, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Watau kusan duk waɗanda na lissafa a sama an bar su a waje. Gaskiya ne masu gyara su kan sa musu shi ta bayan gida, kuma ya kan yi aiki, amma kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko musu gyara ba. Hanya ta biyu ita ce Linux Mint, wanda kyauta ne, yana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, kuma yana gudu sumul a kan tsofaffin nan. Sai dai yana bukatar mutum ya ba shi mako ɗaya ko biyu ya saba.

To, in aka ce in jera su, ga yadda zan yi. Wanda kuɗinsa ya kai, ya ƙara haƙuri ya nemi zubi na takwas. A wannan zubi ne, cikin 2017, i5-8250U ta zo da ƙwaya huɗu a wat 15, ƙanwarta i3-8130U kuwa ƙwaya biyu ce amma tana ƙara gudu har 3.4 GHz, kuma Windows 11 ya yarda da su duka. Wanda bai kai nan ba, ya nemi i5 ta zubi na shida ko na bakwai mai harafin U, da ram 8 GB da SSD. Wanda bai kai nan ba kuma, zubi na uku ko na huɗu ko na biyar, amma lalle da SSD. Zubi na biyu shi ne iyaka, daga nan kada a sauka. Zubin farko da Core 2 Duo da Celeron mai liƙaƙƙen ram, a bar wa mai shago kayansa.

Na san wani zai ce, "Malam, ai wayata ma ƙwaya takwas gare ta, me zan yi da mai biyu?" Amsa ita ce gwada buga shafi hamsin da babban yatsa, da jadawali da lambar shafi, sa'an nan ka dawo mu yi magana. Kuma ɗakin jarrabawa madannai da linzami za ka tarar, hannun da bai saba da su ba lokaci zai ƙure masa ko da ya san amsa. Wani kuma zai ce ƙwaya biyu ta yi kaɗan a wannan zamani. Ga mai haɗa bidiyo, ko ɗalibin injiniya na Gidan Kwano mai zanen gini da na'ura, wannan gaskiya ne, shi ya nemi mai huɗu ko fiye. Amma mu aikinmu rubutu ne, da lissafin maki, da nuna darasi a allo, da bincike a intanet. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ranar da za ka saye, kada kunya ta kama ka, gani ya kori ji. Takardar da ke manne a jiki ana iya ɓare ta a manna wata, don haka ka ce a kunna maka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance, ka taɓa CPU. A nan za ka ga cikakken sunan ƙwaƙwalwa da lambarta da harafinta. A ƙasa akwai layi biyu, ɗaya an rubuta Cores, ɗaya Logical processors. Na farkon shi ne yawan ƙwayoyi na gaskiya. Na biyun ya kan nuna 4 a inda ƙwaya biyu ce, domin kowace ƙwaya ta Core i tana riƙe aiki biyu tana juya su, kada wani ya nuna maka wannan ya ce ƙwaya huɗu ce. A wannan shafi kuma za ka ga yawan ram da irin ma'ajiya. Game da batir, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da takarda mai nuna abin da batir ke ɗauka yana sabo da abin da ya ke ɗauka yanzu. In ya faɗi ƙasa da rabi, a rage maka kuɗin sabon batir. Zare caja ka bar bidiyo yana tafiya minti ashirin, ka sa hannu wajen fanka ka ji zafi, ka saurari ƙara. Taɓa kowane harafi na madannai, ka duba ko wurin linzami ya tasa sama, alamar batirin ciki ya kumbura ke nan. Daga ƙarshe ka ce, "Alhaji, a rubuta mini rasit da cikakkiyar lambarta da kwanakin gwaji." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, yawancin 'yan kasuwarmu kuwa in sun ga ka san abin da ka ke nema, su da kansu za su ɗauko maka mai kyau daga ciki.

Ina roƙon malamanmu na sashen kwamfuta, da shugabannin ƙungiyar ɗalibai, su dubi wannan al'amari. Sa'a guda kaɗai a makon karɓar sababbin ɗalibai ta isa a koya musu karanta lambar nan da yin gwajin nan. Takarda guda a manna a allon sanarwa, mai jerin zubi da shekarunsu, za ta tsare wa iyaye kuɗi mai yawa. Waɗanda suka sani kuma su riƙa raka waɗanda ba su sani ba kasuwa, kamar yadda a ke raka mai sayen akuya don a duba masa haƙori. Gobe mu ne za mu tsaya gaban yara muna koya musu su karanta abu har ƙarshensa kafin su yanke hukunci, to ya kamata mu fara da kanmu, a kan abin da za mu saya da gumin iyayenmu. Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Wanda ya ga inda hujjata ta yi rauni, fili a buɗe ya ke, sai ya rubuto a fitowa ta gaba mu ƙaru da juna.